Ƙoƙon Kai Tsakanin Wa'azi da Kasuwa

Masu zane na ƙasar Holan a ƙarni na 17 sun shahara da wani salo da ake kira banitas, wato zanen da ke tara kayan duniya irin su kuɗi da littattafai da kayan kiɗa, a ajiye ƙoƙon kan mamaci a tsakiyarsu tare da agogon yashi ko kyandir da aka hure, domin mai kallo ya tuna cewa abin da ya tara ba zai bi shi kabari ba. Ƙoƙon kai ya dace da wannan wa'azi saboda ba shi da fuska, kuma da zarar fuska ta tafi babu mai bambance attajiri da bawansa.

Wannan ma'ana ce Damien Hirst, ɗan ƙasar Ingila, ya jefa cikin ruɗani a shekarar 2007, lokacin da ya baje wani aiki a Landan mai suna For the Love of God. An ɗauki siffar ƙoƙon kan wani mutumin ƙarni na 18, aka zuba ta da filatinam, ƙarfe mai daraja da ake ƙera kayan ado da shi, aka lulluɓe ta da lu'ulu'u 8,601, sai dai haƙoran na mamacin ne na ainihi, an bar su a bakinsa. Kuɗin da aka sa wa aikin fam miliyan 50 ne, kuma masu zuba jarin da aka ce sun saye shi har da Hirst kansa a cikinsu. A zanen Holan dukiya tana gefe ƙoƙon kai yana ƙaryata ta, amma a nan ƙoƙon ne dukiyar, kuma da wuya abin da ake tsaronsa kamar baitulmali ya iya hana kowa kwaɗayi. Masu kare aikin suna cewa saɓanin da gangan aka yi shi, domin a nuna yadda mutumin zamani ke ƙoƙarin rufe mutuwa da ado. Hujjar tana da ƙarfi, ko da yake tsiraran haƙoran nan ne kaɗai ke riƙe da ita.

Subodh Gupta na Indiya ya bi wata hanya a 2006, inda ya haɗa ƙaton ƙoƙon kai da tukwane da kwanukan silba na girki, ya kira shi Very Hungry God, aka fara nuna shi a cikin wata majami'a a Faris. Kayan da ya zaɓa su ne waɗanda gidajen Indiya ke cin abinci a ciki kullum, saboda haka mutuwar da ke cikin aikinsa ta fi kusa da yunwa fiye da taskar masu hannu da shuni.