KARATU DA ZUMUNCI: GARGAƊI GA SABABBIN MASU BI

 Ina so in yi maka magana a kan abu biyu waɗanda mutane ba su cika haɗa su wuri ɗaya ba, watau karatu da zumunci. Waɗansu suna tsammani wanda ya kama littafi ya saki danginsa ke nan. Ba haka ba ne. Allah ya ba ka karatu domin ka riƙe mutanenka da shi, ranar da ƙafarka ta kasa kai ka wurinsu.

I. SA'ANDA HANYA TA TOSHE

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke, gaskiya kuwa suka faɗa. Amma ka san abin da ya sami ƙasarmu ta Birnin Gwari. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, da sauran dazuzzukan da suka miƙe har iyakar Zamfara da Neja da Katsina, sun zama maɓoyar ɓarayi shekaru da yawa. A watan Mayu na 2018 mahara suka fāɗa wa Gwaska, suka kashe mutum fiye da 40. Hanyar Kaduna da ta Funtua suka zama abin tsoro, har mutum ya kan ji an yi rasuwa a gidansu, ya kasa zuwa gaisuwa. Gidaje suka watse, uba yana cikin gari, ɗa yana Kaduna, 'ya tana aure a Zariya, kaka kuwa ta ƙi barin kufai.

Mutane suka dogara ga wayar hannu. Sai ga shi a ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a waɗansu yankuna, har da namu, domin a hana ɓarayi samun labari, ba a kuwa maido su ba sai ƙarshen Nuwamba. Wata biyu ke nan, ƙafa ba ta zuwa, murya ba ta zuwa. Wanda ya iya rubutu ya kan sami 'yar takarda ya ba matafiyi. Wanda bai iya ba sai ya ba da saƙon baka, saƙon baka kuwa ya kan rage a hanya, ko ya ƙaru. A Nuwamba na 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kara ta Birnin Gwari, muka gode wa Allah. Duk da haka ba dukan waɗanda suka watse suka komo ba. Kada fa mu manta da abin da kwanakin nan suka koya mana.

II. ALLAH YA YI AIKI DA WASIƘA

Ka buɗe Sabon Alkawari ka ƙidaya. Littattafai 27 ne a ciki, 21 daga cikinsu wasiƙu ne, 13 kuwa suna ɗauke da sunan manzo Bulus. Waɗansu a kurkuku ya rubuta su, sa'anda ba shi da ikon tafiya ko'ina. Sarƙa ta ɗaure ƙafarsa, amma takarda ta tafi a madadinsa, har wa yau kuwa tana tafiya.

Ka duba Romawa sura 16, ka ga yadda ya gai da mutum fiye da 20, kowa da sunansa, maza da mata, bai raina kowa ba. Ka duba Kolosiyawa 4:16, inda ya umarta a karanta wasiƙarsa a gaban jama'a, kāna a aika da ita Lawudikiya, su kuma su karɓi ta can su karanta. Da haka garuruwa biyu suka zama kamar gida ɗaya, gama abu ɗaya su ke ji. A cikin 2 Timoti 4:13, yana tsoho, yana jiran mutuwa, ya roƙi Timoti ya zo masa da mayafinsa da littattafansa. Ka lura, ya yi marmarin littafi, ya kuma yi marmarin ɗansa cikin bangaskiya ya zama shi ne mai kawowa.

Tun kafin Bulus ma, annabi Irmiya ya aika da wasiƙa daga Urushalima zuwa ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila (Irmiya 29). Ya gargaɗe su su gina gidaje, su yi shuka, su nemi lafiyar garin da su ke baƙunci a ciki. In kana da ɗan'uwa wanda gudun hijira ya kai shi wani gari, ga sura da za ka aika masa.

III. WAHALAR WAƊANDA SUKA RIGA MU

Littafin nan da ke hannunka bai zo da sauƙi ba. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, daga ƙasar Damagaram, an kama shi bauta, an raba shi da iyayensa yana ƙarami. Bayan ya sami 'yanci ya bi Dokta Barth zuwa Ingila a 1855, ya zauna wurin mai bishara Schön, ya taimake shi da Hausa, aka buga Bishara ta hannun Matiyu a 1857. Daga baya Dokta Miller, wanda ya zauna a Zariya, da abokan aikinsa Hausawa da Turawa, suka yi ta fama shekaru, sai a 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Yaron da aka raba da danginsa, Allah ya sa harshensa ya zama hanyar haɗa dangi masu yawa. In sun sha wannan wahala domin ka sami abin karantawa, ashe, ya kamata ka bar shi a ƙarƙashin tabarma gara ta ci?

IV. ABU SHIDA DA ZA KA YI

Na ɗaya. Ka koyi karatu, ko da ka yi furfura. Kada ka ce ka wuce lokaci. Ka je ajin karatu na ikilisiya. In babu, ka roƙi mai bishara ko wani ɗan makaranta ya zauna da kai bayan an taso daga gona. Ka bar matarka ta koya, da 'ya'yanka mata. Gidan da mutum ɗaya kaɗai ya iya karatu, ran da ya yi tafiya gidan ya makance.

Na biyu. Ka so karatu saboda daɗinsa. Wanda ba ya karatu sai dole, ba shi da abin da zai ba wani, gama sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Ka fara da Bishara ta hannun Markus, gama gajeriya ce, surori 16. Ka karanta labarin Yusufu, da na Rut, da Zabura. Ka karanta waɗansu littattafai masu amfani kuma, na noma, na kiwon lafiya, na tarihi, da na hikayoyi irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, waɗanda babba da yaro za su saurara tare su yi dariya.

Na uku. Ka karanta da ƙarfi domin waɗansu su ji. Da dare bayan tuwo, ka tara iyalinka, ka kira tsohuwar da idonta ya dushe, ka karanta kaɗan, ka bar su su yi tambaya. Mutumin Habasha da ke cikin Ayyukan Manzanni sura 8 yana karanta Ishaya cikin karusarsa bai gane ba, sai da Filibus ya hau ya zauna kusa da shi. Akwai wani a unguwarku da ke jiran wanda zai zauna kusa da shi.

Na huɗu. Ku yi alkawarin sura ɗaya, kai da wanda ke nesa. Ku shirya cewa kowace Lahadi da yamma za ku karanta wuri ɗaya, kai a Kuyello ko Randagi, shi a Kaduna ko Legas. In akwai waya, ku gaya wa juna abin da kowa ya gane. In an katse waya, ka sani a wannan sa'a idonsa yana kan abin da idonka ya ke kai, ku biyu kuna gaban Ubangiji ɗaya. Ba ɓarawon da ya isa ya tare wannan hanya.

Na biyar. Ka ba da aron littafi. Littafin da ka gama, ka rubuta sunan ɗan'uwanka da gaisuwa a bangonsa, ka ba direban da ka amince da shi a tasha. In ya karanta ya komo da shi, kun sami abin taɗi wanda ya fi tsegumi. Kai kuma in ka ari na wani, ka tsare shi daga ruwa da mai, ka mayar a kan lokaci.

Na shida. Ka rubuta, aƙalla sau ɗaya a wata, ko a takarda ko ta saƙon waya. Ka fara da gaisuwa kamar yadda ya dace da girman mutumin, ka tambayi mutanen gida da sunayensu, ka faɗi labarin damina da lafiyar yara. Kada wasiƙarka ta zama ba ta zuwa sai kana neman kuɗi.

V. GA DANGIN DA BA SU BI HANYARKA BA

Mai yiwuwa ne sa'anda ka karɓi Almasihu waɗansu daga cikin naka suka juya maka baya. Wannan abu ne mai ciwo, Ubangiji kuwa ya san shi. Amma in sun yanke ka, kai kada ka yanke su. Umarnin girmama uba da uwa bai ce sai in addininku ɗaya ba. Wanda ya ƙi ganin fuskarka, watakila ya karɓi takardarka, gama takarda ba ta ɗaga murya, tana kuma iya jira har fushi ya huce. Ka rubuta wa Baba, ka rubuta wa Inna, ka gai da su da salla, ka yi musu barka da haihuwa, ka yi musu ta'aziyya. Kada ka cika wasiƙarka da gardama. In sun tambaye ka dalilin bangaskiyarka, ka amsa da tawali'u da ladabi, ba tare da ɓoyewa ba. In ba su amsa ba, ka sake rubutawa wata mai zuwa.

Kada kuma ka raina karatunsu. Mutanen ƙasar nan sun san allo da tawada tun kafin boko ya zo, fatake kuma sun daɗe suna ɗaukar wasiƙun ajami daga gari zuwa gari. In kawunka ajami ya iya, ka nemi wanda zai rubuta masa da ajami. Wannan ma ladabi ne.

VI. TARKO UKU

Na fari shi ne girman kai. Bulus ya gargaɗi Korintiyawa cewa sani ya kan sa mutum ya kumbura, ƙauna ce ke gina shi. In karatunka ya sa ka fara jin kunyar mahaifinka, ko ka ƙi durƙusa wa manya, to, ka karanta baƙaƙe ne kawai, ba ka karanta Bishara ba tukuna.

Na biyu shi ne cin amana. Sa'anda gwauruwa ta kawo maka wasiƙar ɗanta, ko ta miƙa maka wayarta ka karanta mata saƙo, ka zama idonta. Kada ka ƙara, kada ka rage. In an ce dubu goma, kada ka ce dubu biyar. Abin da ka gani a ciki kuwa, ka bar shi nan, kada a ji shi a kasuwa.

Na uku shi ne rubutun mugunta. Da wasiƙa Dauda ya sa aka kashe Uriya, Uriya kuwa da hannunsa ya kai ta (2 Sama'ila 11). Da wasiƙa Yezebel ta hallaka Nabot saboda gonar inabi (1 Sarakuna 21). Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta. Kada ka tura jita-jitar hari wadda ba ka tabbatar ba, gama tana iya tayar da ƙauye cikin dare. Kada ka rubuta abin da zai ɗora laifin ɓarayi a kan kabila duka. Kada kuma ka rubuta ranar tafiyar wani, ko abin da ya samu a cinikin hatsi ko shanu, domin ba ka san hannun da takarda za ta fāɗa ba.

VII. IN HANYA TA BUƊU

Manzo Yohanna, a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu da ta uku, ya nuna yana da sauran magana da yawa, amma ya fi so ya je su gana ido da ido, maimakon takarda da tawada. Haka kai ma. In Allah ya ba da lafiyar hanya, ka tashi ka je. Ka tafi da littafinka cikin jaka, ka zauna a zaure, ka gai da kowa, ka karanta musu abin da ka daɗe kana so su ji.

Yanzu fa, kafin ka ajiye wannan takarda, ka tuna da mutum ɗaya daga cikin naka wanda kuka daɗe ba ku ji daga juna ba. Ka rubuta masa yau, kada ka bari sai gobe.

ADDU'A

Ya Allah Ubanmu, kai da ka ba mu Maganarka a rubuce cikin harshenmu, ka buɗe idanunmu mu karanta, ka buɗe zukatanmu mu gane. Ka tuna da 'yan'uwanmu da suka warwatsu, ka kiyaye matafiya a kan hanyoyin ƙasarmu, ka juyo da zukatan masu mugunta cikin daji. Ka tsare hannuwanmu daga rubuta ƙarya. Ka sulhunta mu da iyayenmu da danginmu, ka tara mu kuma cikin salama. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.