Da Maraice Za a Ƙidaya Tumaki

'Yan'uwa cikin Ubangiji, dukanmu mun san makiyayin gari. Da damina, sa'ad da shuka ta tsiro, kowane gida yakan kora masa tumaki da awaki da safe, ya kai su daji nesa da gonaki, da maraice ya komo da su. Ko ɗaya ba tasa ba ce. Idan tunkiya guda ba ta shiga gida ba, mai ita ba ya zuwa ya tambayi kura. Makiyayi yake tambaya.

Haka aikinmu yake, mu fastoci da dattawan ekklesiya da masu bishara. Garken nan ba namu ba ne. Sau 3 Ubangiji Yesu ya tambayi Bitrus a bakin tekun Tibariya ko yana ƙaunarsa, sau 3 kuma ya danƙa masa kiwo, amma tumakin ya ce nasa ne (Yohanna 21). Amana aka ba mu, Ibraniyawa 13:17 kuwa ta faɗakar da mu za mu ba da lissafi.

To, wane irin kiwo Mai garke yake nema? Mu dubi Yakubu. Shekara 20 ya yi a gidan Laban yana kiwo. Ya sha zafin rana da sanyin dare, bai sami barcin kirki ba, wadda naman daji ya kashe kuma shi ya ɗauki hasararta (Farawa 31). Mu dubi Bulus. Shekara 3 ya yi a Afisa yana koyarwa a cikin taro, yana kuma bi gida gida, yana gargaɗi da hawaye. Da ya kira dattawan Afisa zuwa Militus domin ban kwana, ya ce su fara tsare kansu tukuna, sa'an nan garken, gama kyarketai suna tafe (Ayyukan Manzanni 20).

Ashe wa'azin ranar Lahadi kaɗai bai isa kiwo ba. Gwauruwar nan da ta yi mako 3 ba ta zo sujada ba, wa ya je ya gaishe ta? Saurayin da ya tafi cin rani birni, wa ya nemi labarinsa? Sabon mai bi wanda danginsa suka kore shi, a ina ya kwana? Idan mun san yawan baikon da ya shigo, ba mu san wanda ya ɓace ba, maganar Ezekiyel 34 ta faɗa a kanmu. A can Allah ya tsauta wa makiyayan Isra'ila domin sun ƙoshi da garken, suka bar marasa lafiya ba magani, ɓatattu ba mai nema. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Shaiɗan ma tunkiyar da aka manta da ita yake fako.

Ku kuma jama'a, ku taimaki makiyayinku. Idonsa biyu ne, ba zai ga kome da kome ba. Idan kun ga wurin zaman ɗan'uwa ba kowa, ku gaya masa, ku raka shi ku tafi tare. Ku riƙa yi masa addu'a, gama shi ma tunkiya ne mai bukatar kiwo.

Maraice yana zuwa, Sarkin makiyaya zai bayyana ya ƙidaya nasa. Allah ya sa a ranan nan mu miƙa masa garkensa ba tare da kunya ba. Amin.