Wa Ke Bin Wani Bashi a Gidan Haya?

Motar da ta taso daga Gaya ko Ajingi da sassafe ta bi ta Wudil zuwa Kano ba ta rasa magidancin da ya ƙulla kayansa zai je neman kuɗi. A da yawancinsu 'yan ci-rani ne, su kwana a zauren wani ɗan garinsu ko a shagon ubangida, da hadari ya fara haɗowa a gabas su koma gona. Yanzu da yawa sun zama mazauna, sun ɗauko iyali, mai iyali kuwa ba ya kwana a shago. Sai a shiga neman ɗaki a unguwannin da aljihu zai iya, irin su Mariri da Sauna da Dakata da Rimin Kebe da Unguwa Uku da Sheka. Dillali ya zaga da mutum lungu-lungu har a samu ciki da falo a gidan yawa, banɗaki ɗaya ga ɗakuna shida, ruwa sai mai ga-ruwa ya turo kurarsa, kuɗin wuta a raba da maƙwabta. Da an faɗi farashi sai a biyo da sharaɗi: kuɗin shekara ake biya, dunƙule, kafin a miƙa makulli, ga la'adar dillali a kai, galibi kashi 10 cikin 100. Akwai lungunan da har yanzu ake karɓar na wata uku ko shida, amma al'adar shekara ita ce ke cinye sauran. Ra'ayina shi ne wannan sharaɗi, duk da yarjejeniyar da aka ƙulla a kansa ba ɓatacciya ba ce, ya kauce wa asalin hukuncin mazhabar da muke bi, ya kuma mai da talaka mai ba wanda ya fi shi ƙarfi rance.

Ɗan haya ba ya sayen ginin, amfanin ginin yake saye, wato kwana da inuwa da sutura. Shi kuwa amfani ba a tara shi a buhu a miƙa lokaci guda, kullum ta Allah yake samuwa kaɗan-kaɗan, kwanan watan gobe bai wanzu ba tukuna. Malaman fiƙihu sun lura da wannan tun da daɗewa. Ibn Rushd, alƙalin Andalus da ya rasu a 1198, ya kawo saɓanin a Bidayatul Mujtahid: Imamu Shafi'i yana ganin kuɗin haya ya wajaba da zarar an ƙulla ciniki, Imamu Malik da Abu Hanifa kuwa suna ganin yana wajaba ne sashe-sashe gwargwadon amfanin da aka karɓa, sai in an gindaya sharaɗin gabatar da shi ko akwai wani dalili da ya tilasta hakan. Ke nan a ƙasar da ake karanta Risala da Askari da Muhtasar a zaure, tsarin asali shi ne ka zauna ka biya abin da ka zauna. Biyan gaba togaciya ce da aka yarda da ita. Mu ne muka ɗauki togaciyar muka mai da ita doka, har wanda ya nemi ya biya wata-wata ake kallonsa kamar ya zo da rainin wayo.

A duba abin da ke faruwa ranar da aka miƙa kuɗin. A ce ɗakin naira 240,000 ne a shekara, wato 20,000 a wata. A ƙarshen watan farko ɗan haya ya ci amfanin 20,000, sauran 220,000 suna hannun mai gida a madadin abin da bai bayar ba tukuna. Wanda ake bi bashi a wannan rana mai gida ne, ko da yake bakin jama'a bai saba faɗin haka ba. Shi kuma mai bin bashin wane ne? Lebura ne a Bompai, ko ɗan dako a kasuwar 'Yankaba, ko direban adaidaita sahu mai kai wa mai mashin balas kullum da yamma, ko ƙaramin ma'aikaci da ke kan mafi ƙarancin albashi, wanda gwamnatin Kano ta tsayar a naira 71,000 a ƙarshen 2024. Kuɗinsu na zuwa kullum ko wata-wata, an ce su biya shekara-shekara. Giɓin da ke tsakani ƙauye ne ke cike shi. A sayar da gero da wake da gyaɗa tun da kaka, lokacin da suka fi araha, a kai ragon da uwargida take kiwo kasuwa, in abin ya ƙi a jinginar da gona. Jinginar gona kuma yadda aka saba yin ta, mai kuɗi ya riƙa noma gonar yana cin amfaninta har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa cif, malamai da yawa suna ganin rance ne da ya jawo amfani, wanda reshe ne na riba. Sharaɗin da yake halal a Dakata shi ne ya tura mutum cikin shubuha a Ajingi, kuma wanda ya gindaya shi ba zai taɓa ganin gonar ba.

Za a ce ai da yardarsa ya biya, Alƙur'ani kuwa a Suratun Nisa'i ya rataya halaccin ciniki a kan yardar ɓangarori biyu, sannan malaman usulu sun ce al'ada abar hukunci ce. Duka biyun gaskiya ne, shi ya sa ban ce cinikin ɓatacce ba ne, alƙali ma ba zai warware shi ba. Sai dai yardar da alƙali ke nema da wadda mutum zai tsaya da ita gaban Allah ba lallai su zo ɗaya ba. Wanda ya zaga unguwa uku ya tarar da sharaɗi iri ɗaya a kowace ƙofa, ga matarsa da 'ya'yansa a raɓe a ɗakin ɗan'uwa, ya yarda ne irin yardar da Bahaushe ya ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Ita kuma al'ada, ana hukunci da ita ne matuƙar ba ta zama hanyar cutarwa ba, kuma abar canzawa ce. A Maraɗi da Damagaram Hausawa ne, Malikawa ne, littattafan zaurensu su ne namu, amma abin da aka fi sani a can biyan haya wata-wata ne, tare da ɗan abin ajiya a farko. Gidajensu ba su rushe don haka ba. Biyan shekara ɗabi'ar biranen Najeriya ce da ƙarancin gidaje ya haifar, bai kamata a sa mata rawanin addini ba.

Hujjar da ta fi nauyi tana wajen masu gidaje, kuma ya kamata a saurare ta da kyau. Mai gidan haya a Rimin Kebe ba attajiri ba ne. Sau da yawa tsohon ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a ɗakuna huɗu, ko gwauruwa mai riƙon marayu wadda gidan ne kaɗai gadonsu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wasu wurare a farkon shekarar. Da 20,000 a wata ba a sake kwanon rufi, ba a kwashe masai, da dunƙulallen kuɗi ake yi. Sannan kowa ya san ɗan hayar da ke biyan wata biyu ya tsallake uku, in an yi magana ya ce a kai shi kotu, ya san kafin a ba shi notis a gama shari'a ya ƙara rabin shekara kyauta. Jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, hadisi ingantacce ya tabbatar da haka, kuma ba a cire ɗan haya daga ciki ba. Ke nan abin da mai gida ke nema da kuɗin shekara abu biyu ne: tabbacin ɗakin ba zai zauna babu kowa ba, da tabbacin za a biya shi.

Fiƙihun Malikiyya ya tanadi duka biyun ba tare da an tatse talaka ba. Malamai sun raba hayar gida kashi biyu. Akwai wadda suke kira mushahara, a ce kowane wata kaza ba tare da an yanke ƙarshe ba, kowa na iya janyewa. Akwai kuma wajiba, wadda aka ambaci wa'adinta, shekara kaza daga rana kaza, ita kuwa tana lazimtar ɓangarorin biyu ko an biya gaba ko ba a biya ba. Mai gida na iya ƙulla wajiba ta shekara guda a rubuce da shaidu, biya kuma ya zama wata-wata. Ɗan haya ba shi da ikon tashi a wata na huɗu ya ce ya fasa, kuɗin sauran watannin na wuyansa, sai dai ya sa wani kamarsa a ɗakin. Tabbacin biya kuma shi ne aikin lamuni, babi guda a littattafan fiƙihu, kuma abin da Hausawa suka gina fatauci a kansa. A zangunan hanyar Gwanja, da unguwar Sabo ta Ibadan da Abner Cohen ya rubuta littafi a kanta a 1969, maigida ne ke saukar da baƙon falke, ya tsaya masa, a ba da shanu bashi a kan maganarsa. Mutanen Gaya da Ajingi ba su rasa irin wannan a Kano. Suna da 'yan garinsu da suka kafu a kasuwanni, suna da shugabannin sana'a, a gida kuma ga mai unguwa da dagaci da hakimi ƙarƙashin masarautar Gaya, wadda dokar 2024 ta bar mata Gaya da Ajingi da Albasu. Wanda ya zo da mai tsaya masa sananne, ya ajiye kuɗin wata biyu, ya fi zama abin dogaro a kan baƙon da ya zube kuɗin shekara ba a san inda ya samo su ba. Tarihin baka ma ya ce maƙerin da birnin Kano ya ci sunansa daga Gaya ya zo gindin Dala neman tama, ba a kuma ji an tare shi da kuɗin shekara ba. Batun gyara shi ne ya rage, kuma a nan ina ganin a raba: in dunƙulallen kuɗi mai gida ke buƙata don rufi, ya faɗa a fili, ya rage wa mai biyan gaba wani abu a farashi, ya bar wa ɗan haya zaɓi. Ciniki ne sananne, farashin hannu daban, na jinkiri daban, muddin an tsayar da ɗaya kafin a rabu.

Wasu kan ce biyan shekara gata ne ga ɗan haya, don yana ɗaure farashi, ba a yi masa ƙari a tsakiya. Wa'adin da aka rubuta ne ke ɗaure farashi, ko yaushe aka biya. A shekarar da naira ke zubewa ma, wanda ya karɓi kuɗinsa a watan Janairu shi ya ci ribar, wanda ya bayar shi ya yi asara. Manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya da kaka, in ya ga biyan shekara ya fi masa sauƙi, ba mai hana shi.

To ko hukuma ta sa baki? Masu ƙin haka suna kafa hujja da cewa an roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi a Madina ya ƙi. Amma maganar nan ba ta farashi ba ce, ta lokacin biya ce. Ko a farashin ma, Ibn Taimiyya a littafinsa na Hisba da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun tafi a kan cewa in mutane suka matsu ga masauki ba su da wani, wajibi ne mai gida ya saukar da su, ba kuma zai wuce kuɗin da aka saba ba. Abin da ke sa ni shakkar doka daban ne. Legas ta yi dokar haya a 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda, Ghana tana da dokar 1963 da ta tsayar da biyan gaba a wata shida, amma a biranen biyu, Legas da Akara, mutane na biyan abin da ya wuce haka su yi shiru, domin masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa. Wanda ya kai ƙara ya rasa wurin kwana. Inda doka ta gaza, abin da ya rage shi ne abin da mutum ke jin kunyar aikatawa, wannan kuwa a mimbari da zauren karatu ake gina shi. Ana wa'azi sosai a kan riba da tauye mudu da ɓoye abinci, amma da wuya ka ji huɗubar da ta taɓo haya, alhali ayar da ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi tana cikin Suratul Baƙara, daf da ayoyin riba, kuma da yawa daga masu sahun gaba a masallacin unguwa su ne masu ɗakunan.

A cikin garin Gaya kanta abin ya fi sauƙin gyarawa, tun da haya ba ta yi tsufan da ta yi a birni ba. Masu kama ɗaki a can galibi malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma da aka turo daga wani wuri, da masu yi wa ƙasa hidima. Albashinsu wata-wata ne, an san ofishinsu, an san shugabansu, babu inda za su gudu. Kwaikwayon sharaɗin birni a kansu ba shi da dalili ko na tsoron asara. Akwai kuma hukuncin da biyan gaba ke sa a take shi. In ɗaki ya rushe, ko ya lalace yadda ba ya zaunuwa, haya ta warware a sauran wa'adin, kuɗin watannin da ba a zauna ba kuma na ɗan haya ne. A yankin da ginin ƙasa ke da yawa, ruwan Agusta kan kwantar da katanga a dare ɗaya, wannan ba mas'alar takarda ba ce. Mai biyan wata-wata in hakan ta faru zai kwashe kayansa ya nemi wani wuri da kuɗin watan gobe a hannunsa. Wanda ya biya shekara sai ya koma bin mai gida, shi kuwa ya riga ya kashe kuɗin tun bazara a taki ko auren 'ya, ba don mugunta ba, sai a ce ya yi haƙuri har wani ɗan hayar ya shigo.