Makarantar da Ta Koma Baya: A Hukunta Ta Ko A Taimake Ta?

Kowace shekara, idan sakamakon jarrabawar WAEC da ta NECO ya fito, maganar makarantu ta kan cika birnin Katsina. A zaure da bakin kasuwa sai ka ji ana lissafi, ana cewa makaranta kaza yaranta sun ci, makaranta kaza kuwa an sha ƙasa. Abin da a ke nema sananne ne, wato kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, gama in babu su ƙofar jami'a a rufe ta ke. Uban da ɗansa ya faɗi ya kan ce a kori malaman. Wani kuma ya ce a rufe makarantar kowa ya huta. Mu ma mun taɓa faɗin haka cikin fushi. Amma yanzu da zuciya ta kwanta, bari mu yi tunani tare, 'yan'uwa. Mene ne daidai a yi da makarantar da ta koma baya?

Da fari dai mu yarda cewa daidai ne a binciki aikin makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro a Nijeriya yana da hakkin karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Kuɗin jama'a a ke kashewa a kan wannan. Abin da ya fi kuɗi tsada kuwa shi ne shekarun yaro, gama ba su dawowa. Yaron da ya yi shekara shida yana zuwa makaranta, ya fito bai iya karanta wasiƙa ba, an cuce shi, an kuma cuci uwar da ta hana kanta aikensa kowace safiya. Tilas a sami wanda zai amsa tambaya a kan wannan. Malamin kirki ba ya tsoron mai duba makarantu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Amma mu tafi kasuwar 'Yar Kutungu mu dubi mai awo. Tiyarsa tana gaya mana yawan geron da ke cikin buhu. Ko ya auna sau goma, ƙwaya ɗaya ba za ta ƙaru ba. Mai son gero ya yi yawa sai ya koma gona da taki da fartanya. Jarrabawa ma tiya ce. Tana nuna inda a ke, ba ta koya wa yaro ko harafi ɗaya. Wahalar ta kan fara ne sa'ad da hukuma ta auna, ta ga kasawa, sa'an nan ta ɗauki bulala ta manta da taki.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu bin wannan hanya, ya kamata mu koya daga gare su. A Ingila, a 1862, aka kafa doka cewa za a biya makaranta bisa ga abin da yaranta suka ci. Kowane yaro yana jawo wa makarantarsa sule 8 in ya ci karatu da rubutu da lissafi a gaban mai dubawa, in kuwa ya faɗi ɗaya a cire sule 2 da kwabo 8. Me ya faru? Malamai suka koma sa yara hadda domin ranar dubawa kaɗai. Makarantar unguwar matalauta, wadda ta fi bukatar kuɗi, ita ce kuɗinta ya fi raguwa. Kafin shekara ta 1900 aka bar wannan tsari.

A Amurka kuma, a 2002, aka sa hannu a wata doka wadda ta ce kafin 2014 kowane yaro ya kai matsayin da aka yanka a karatu da lissafi. Makarantar da ta yi ta kasawa shekara bayan shekara, ana iya canja malamanta, ko a karɓe ta daga hannun masu riƙon ta. Tsoro ya kama mutane. A birnin Atlanta aka tarar malamai suna goge amsoshin yara suna gyarawa, har kotu ta kama mutum 11 da laifi a 2015. A cikin shekarar nan aka sake dokar. Sabuwar ta umurci kowace jiha ta ware makarantu biyar cikin ɗari waɗanda suka fi komawa baya a cikin masu karɓar taimakon 'ya'yan talakawa, ta shirya musu taimako na musamman.

Mu ma mun san irin wannan a gida. Inda aka ce shugaban makaranta zai ji kunya ko ya rasa kujerarsa saboda sakamako, nan ne satar amsa ta kan sami gindin zama. Shi ya sa WAEC ta kan janye amincewarta daga makarantun da ta kama da maguɗi. Tsoro ya kan gyara takarda, yaro kuwa yana nan jiya i yau.

Wani zai ce, to, ashe sai a ƙyale kowa ya yi yadda ya ga dama? A'a. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta gwada malaman firamare wajen 33,000 da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki, mutane suka rabu biyu a kan maganar. Ba za mu yanke shari'ar nan a wannan shafi ba. Amma abu biyu gaskiya ne. Barin malamin da bai iya abin da ya ke koyarwa ba a gaban yara, wai don tausayi, zalunci ne ga yaran da ba su da bakin kai ƙara. Gaskiya ne kuma malamin nan bai ɗauki kansa aiki ba. Akwai wanda ya ba shi takardar shaida, akwai wanda ya sa hannu aka ɗauke shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Domin wannan mu ke cewa, duk wanda ya riƙe tiyar awo ya ci bashin taimako. Wanda ya ce wa makaranta ta kasa, shi ma a tambaye shi abin da ya ba ta. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ta kuma ce kada malami ya gaza takardar NCE. In an tura wa malami yara ɗari a aji ɗaya, a ƙasa su ke zaune, rufin yana yoyo, wa ya fara karya doka? Dokar 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimi na tushe, amma jiha ba ta taɓa rabonta sai ta ajiye nata daidai da shi, an kuwa sha samun jihohin da suka bar rabonsu yana kwance a Abuja. Ashe tambaya ba a kan malamin aji kaɗai za ta tsaya ba, sai ta hau har sama.

Ko Turawan mulki sun gane wani abu a nan. Dokar ilimi ta 1916, ta zamanin Gwamna Lugga, wadda da ita a ke ba makarantun mishan taimakon kuɗi, ta raba maki ɗari kashi huɗu. Jarrabawa da ci gaban yara 40, tarbiyya da ladabi da tsarin makaranta 30, yawan malamai da ƙwarewarsu 20, gini da kayan aiki da tsabta 10. Wato maki 60 suna kan abubuwan da ba a gani a takardar sakamako.

To, wane irin taimako ne ya dace? Na fari, a je a ga dalili, gama ruwa ba ya tsami banza. A ce ga makarantu biyu. Ta farko tana zaɓen yaranta da jarrabawar shiga, iyayensu ma'aikata ne, akwai littattafai a gida. Ta biyu tana bayan gari, tana karɓar kowa, har da yaran da iyayensu suka gudo birni daga ƙauyuka saboda 'yan bindiga, waɗansunsu sun yi shekara ba su shiga aji ba. In malamin ta biyu ya karɓi yaron da bai san baƙi ba ya sa shi yana karatu kafin damina, ya yi aikin da ya isa yabo, ko da sunan makarantarsa yana ƙasan jeri. A auna yaro daga inda ya tashi zuwa inda ya kai.

Na biyu, malami gwani a tura shi inda aka fi rauni. Abin da mu ke yi sau da yawa akasin haka ne. Wanda ya san wani a ofis ya kan nemi makarantar cikin gari mai suna, wanda aka yi fushi da shi kuwa a jefa shi makarantar da ta riga ta faɗi, kamar kurkuku. Mu mutanen Katsina bai kamata a koya mana darajar malami ba. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, domin horon malamai aka kafa ta. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga nan suka fita suka kama alli, ɗaya a Midil ta Sakkwato, ɗaya a ta Bauci, tun ba a san za su riƙe ƙasa ba. Ginin yana nan har yau, ya zama gidan tarihi.

Na uku, a fara daga tushe. Faɗuwar da mu ke kuka a kanta a aji shida na sakandare, a aji biyu na firamare aka shuka ta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Shirin RANA, wanda aka fara a jihohin Katsina da Zamfara da taimakon UNICEF, ya bi wannan hanya, ya ba 'yan aji ɗaya zuwa uku littattafan karatu da Hausa, ya kuma sa masu bin malamai aji aji suna nuna musu aiki.

Na huɗu, a yanka lokaci. In an ba makaranta malamai da kayan aiki, aka yi shekara biyu ko uku babu canji, sai a canja shugabanta. Malamin da aka ba horo ya ƙi gyaruwa, ko wanda ba ya zuwa aiki, a sallame shi bisa ga ka'ida, a biya shi hakkinsa. Rufe makaranta kuwa shi ne na ƙarshe duka, kada kuma a yi shi sai an san ajin da kowane yaro zai zauna washegari. 'Ya'yan masu hali za su sami wani wuri. Ɗiyar mai sayar da ƙosai fa? In an rufe makarantar unguwarsu, farantin talla ne ke jiran ta.

Saura namu. Yawancinmu ba mu taka makarantar 'ya'yanmu sai ranar faɗa. Ga shi kuwa an tanadi kwamitin kula da makaranta, wanda a ke kira SBMC, inda iyaye maza da mata da masu unguwa su ke da kujera. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikin watan nan kowannenmu ya je makarantar da ta fi kusa da gidansa, ya gai da shugabanta, ya tambaye shi yara nawa ne a aji biyu, malamai nawa ne suka zo yau, littattafai nawa ne a ajin. Da dare kuma ya kira ɗansa, ko ɗan maƙwabcinsa, ya buɗe masa littafi ya ce, "Karanta mini." Abin da ya ji, ya kai shi taron kwamiti. Allah ya ba mu ikon yi.