Ɗan Kasuwa da Bankin Hatsi: Ina Bambancinsu?

A ƙasar Hausa kowa ya san yadda kuɗin hatsi yake hawa da sauka. Da kaka, manomi yana neman abin biyan bashi da na biki, sai ya kai hatsinsa kasuwa, tiya ta yi araha. In damina ta yi tsaka, rumbu ya ƙare, sai manomin nan ya koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar, amma da tsada. Tsakanin kaka da damina akwai riba. Abin tambaya shi ne, don me ake neman ribar nan, kuma hannun wa take shiga?

Masu wannan sana'a iri biyu ne. Na fari shi ne ɗan kasuwa, wanda yake sayen hatsi da jarinsa, ya ajiye, ya jira ya yi kuɗi. Na biyu shi ne bankin hatsi, wanda ya yaɗu a ƙauyukan Nijar da maƙwabtanta bayan farin 1973 da na 1984. Mutanen gari sukan zaɓi kwamiti, a haɗa jari daga gudummawarsu ko daga wata ƙungiyar agaji, a sayi hatsi da kaka, a sayar wa 'yan gari lokacin da abinci ya yi wuya. Wanda ya hango su daga nesa ba zai ga bambanci ba. Dukansu suna saye da araha, suna ajiyewa, suna sayarwa da ƙari.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa ɗan kasuwa mugu ne. Shi ne yake biyan kuɗin mota da na ɗan dako. In ƙwari suka ci buhu, asararsa ce. In shekara ta yi kyau, hatsi bai yi tsada ba, shi ne zai kwana da baƙin ciki. Ba don shi ba, hatsin inda aka samu albarka ba zai kai inda aka rasa ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Riba hakkin wahalarsa ce.

Bambancin yakan fito ranar da riba da bukatar mutane suka rabu hanya. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a wasu yankunan Nijar. A 2005 yunwa ta tsananta, har a ƙasar Maraɗi da Damagaram, inda aka fi noma. Hatsi bai ƙare a kasuwa ba. Yana nan jibge, amma ya fi ƙarfin talaka. A irin wannan rana, ƙa'idar ɗan kasuwa tana gaya masa ya ƙara jira, ko ya kai kayansa inda aka fi biya, ko da ƙetaren iyaka ne. In ya sassauta wa maƙwabcinsa, alherin zuciyarsa ne, sana'arsa ba ta tilasta masa ba. Amma bankin hatsi, don wannan rana aka kafa shi. In ya rufe ƙofa yana jiran tsada, ya ci amanar masu shi, ko da asusunsa ya cika. Ɗaya yana ciyar da mutane domin ya sami riba, ɗayan yana neman riba domin ya ci gaba da ciyar da mutane.

Sai dai kyakkyawan nufi kaɗai ba ya riƙe sana'a. Bankunan hatsi da yawa sun mutu bayan 'yan shekaru, kuma ba fari ne ya kashe su ba. An ba da hatsi bashi ba a biya ba, domin mai karɓar bashin yana jin nauyin surukinsa ko mai gari. An sayar ƙasa da yadda aka saya, don tausayi. A wani wuri kuma mai riƙe da mabuɗi ya mai da ɗakin ajiya rumbun gidansa. Da kaka ta zagayo, babu kuɗin sayen sabon hatsi. Tausayin da ya cinye jari ya ciyar da mutane shekara ɗaya, ya bar su hannun mai tsada sauran shekaru.

Akwai misalin da ya haɗa tausayi da lissafi. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a ƙasar Maraɗi. Mata sukan taru kowane mako, kowace ta zuba ɗan abin da aka yanka cikin asusu. Mai bukata ta ranta, ta biya da ƙari, a gaban idon kowa. In lokacin rabo ya yi, a raba uwar kuɗi da ribarta tsakanin waɗanda suka zuba. Ba a yafe bashi don kunya, amma ribar ba ta barin unguwa. Tsarin nan ya ɗore, har ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka.

Saboda haka, wanda yake so ya gane irin sana'ar da ke gabansa, kada ya tsaya ga sunan da aka rubuta a ƙofa. Ya tambayi abu biyu. Ina ribar take zuwa? Me mai sana'ar zai yi ranar da mai saye ba shi da ƙarfi? Ɗan kasuwa yana bukatar ya tuna cewa manomin da yunwa ta sa ya sayar da gonarsa ba zai kawo masa hatsi baɗi ba. Mai aikin taimakon jama'a kuma yana bukatar ya koyi ƙidayar tiya daga ɗan kasuwa, domin rumbun da babu kome a ciki ba ya jin ƙan kowa.