Fansa Tana Wuyan Wanda Ya Aika

A ranar 17 ga Afrilu 1961, wasu 'yan Kyuba kusan 1,400 da ke gudun hijira a Amurka suka sauka a gaɓar Playa Girón, a Mashigin Aladu, da niyyar kifar da gwamnatin Fidel Castro. Hukumar leƙen asiri ta CIA ce ta horar da su a Gwatamala, ta ba su makamai, ta zuba su a jiragen ruwa. Cikin kwana uku aka murƙushe su. Sama da ɗari suka mutu, kusan 1,200 suka shiga hannu. Daga nan aka buɗe cinikin da ya ɗauki wata ashirin, wanda ya bar mana tambaya mai nauyi: shin ya halatta a biya maƙiyi dukiya don a karɓo mutum, kuma a wuyan wa biyan yake?

A watan Mayu na shekarar, Castro ya ce zai sake su idan aka ba shi manyan taraktoci 500. Ya ƙi kiran abin fansa, ya ce diyya ce ta ɓarnar da aka yi wa ƙasarsa. Ya saki fursunoni goma su kai saƙo Amurka bisa alkawarin za su dawo, suka kai, suka komo kurkuku da ƙafarsu. Aka kafa kwamiti mai zaman kansa wanda Eleanor Roosevelt, Milton Eisenhower da shugaban ƙwadago Walter Reuther ke ciki. 'Yan majalisa suka yi caa, suna cewa miƙa wuya ne ga mai cin zarafi. Kafin ƙarshen Yuni kwamitin ya watse, a lokacin ana maganar kayan dala miliyan 28.

A farkon Afrilu 1962 kotu a Habana ta yanke musu ɗaurin shekara 30, ko a biya dala miliyan 62. Kowane kai da kuɗinsa: daga dala 25,000 na ƙaramin soja har 500,000 na kowane ɗaya daga cikin shugabanni uku, Manuel Artime, José Pérez San Román da Erneido Oliva. Sai iyalan fursunonin suka ɗauki lauya James Donovan, wanda a Fabrairun shekarar ya shirya musayar ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet Rudolf Abel da matuƙin jirgin Amurka Gary Powers a Balin. Ko rikicin makamai masu linzami na Oktoba bai kashe maganar ba. Ranar 21 ga Disamba 1962 aka sa hannu: magunguna da abinci, har da na jarirai, na dala miliyan 53. A ranakun 23 da 24 ga wata, mutum 1,113 suka sauka a Fulorida.

Hujjar masu adawa da biyan ba ta banza ba ce, kuma mu da ke zaune tsakanin Maraɗi da Katsina ba sai an fassara mana ita ba. Duk kuɗin fansar da aka kai daji, da shi ake sayen babur da bindigar da za a ɗauke na gaba. Mai biya ya ceto nasa, ya kuma ƙara wa na maƙwabcinsa farashi. Haka ne a can. Amma a ganina lamarin Kyuba daban yake. Ɗan bindiga shi ke fita farautar mutane. Castro bai je Miami ya kamo kowa ba, su aka turo masa da makami har gida. Biyan ba zai buɗe kasuwar kama wasu ba, sai fa in Amurka ta sake tura wata runduna, wannan kuwa a hannunta yake. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Saboda haka nake ganin biyan ya wuce halal, ya kai wajibi. Wanda ya aiki mutum cikin haɗari, ya yi masa alkawarin kariya ta sama, sannan ya janye hannu da wuta ta kama, bashi ne a kansa. Shugaba John Kennedy ya soke wani harin jirage da aka tsara, ya kuma ƙi shigar da sojan Amurka. Wataƙila hakan ya hana yaƙi mafi muni. To amma mutanen da ke kurkukun Príncipe da tsibirin Pinos su suka biya kuɗin wannan shawara da jikinsu. Ba daidai ba ne a ce su kuma za su biya kuɗin kare martabar Amurka.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sa wa mutum farashi gwargwadon matsayinsa, kamar dabba a kara, ƙasƙanci ne, ko da sunan diyya aka yi shi. Addininmu ya san fansar fursunan yaƙi. Bayan Badar, wasu daga cikin kamammun da ba su da dukiya sun fanshi kansu da koya wa yara goma na Madina rubutu. Darasin da nake ɗauka shi ne, abin da aka karɓa yana nuna niyyar mai karɓa. A nan ne aikin Donovan ya yi armashi, don ya karkatar da cinikin daga tsabar kuɗi da manyan injuna zuwa magani da abincin yara. Ba na cewa hakan ya wanke komai. Kyuba na cikin takunkumin Amurka a lokacin, kuma kowane kwalin magani ya rage wa gwamnatin Castro kashe kuɗi. Sai dai idan dole maƙiyinka ya amfana, gara amfanin ya bi ta bakin jariri.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓuyan da gwamnatin Amurka ta yi. A baki, kamfanoni ne suka ba da kayan sadaka, ƙungiyar Red Cross ta yi jigila. A zahiri, ministan shari'a Robert Kennedy ne ya tattaro kamfanonin, aka yi musu rangwamen haraji, wato baitulmali ya ɗauki wani kaso ta bayan gida. A ranar ƙarshe Castro ya tsayar da jirage, ya ce sai an biya dala miliyan 2.9 da aka yi alkawari kan masu rauni 60 da ya saki tun Afrilu. Cikin gaggawa Kadinal Richard Cushing na Boston ya ɗauki nauyin miliyan ɗaya, Janar Lucius Clay ya samo sauran. Ƙasar da ta iya shirya mamaya, ga ta tana neman taimakon limamin coci don ta cika alkawari.

Lissafin a fili yake. An ƙi miliyan 28 a 1961 don gudun a ce an rusuna, aka biya miliyan 53 a 1962. Bambancin da ba ya shiga takardar banki shi ne shekara ɗaya da rabi da mutum dubu da ɗoriya suka ƙara a bayan ƙarfe, iyayensu da matansu na jira. Fursunoni goman nan da suka ga ƙofar 'yanci a buɗe suka koma kurkuku don sun ba da kalmarsu, sun fi waɗanda suka aike su sanin cewa alkawari kaya ne.

Duk shugaban da zai tura 'ya'yan mutane bakin wuta, ya fara lissafa kuɗin dawo da su kafin kuɗin harsashi. In ya san ba zai iya fitowa fili ya biya da sunansa ba, to ya bar su a gida.