Inna Ta Daji Da Inna Ta Gida

Ya ku 'yan makaranta, yau ga wata tambaya mun kawo muku. Ba za ta fito a jarrabawa ba, amma ta isa a zauna a yi tunani a kanta. Ita ce: in mutane suka ɗaukaka mace wajen bautarsu, har suka durƙusa mata suna kiranta uwa, shin wannan ya kan sa su kyautata wa matan da ke cikin gidajensu? Za mu nemi amsa a wuri biyu, ɗaya nan ƙofar gidanmu, ɗaya can ƙasar Hindu, watau Indiya.

Mu fara da gida. Duk wanda ya tashi a Bebeji, ko Kiru, ko Tudun Wada, in ya ji an ce Doguwa, sai hankalinsa ya tafi kudu, wajen dajin Falgore da duwatsun Riruwai inda aka haƙi kuza. Amma a bakin mutanen da, kalmar nan tana da wata ma'ana kuma. Maguzawa, watau Hausawan da suka zauna bisa al'adun kakanninsu, suna da yawa a ƙauyukan kudancin Kano, ko da ya ke yanzu da yawansu sun musulunta, waɗansu kuma sun zama Kirista. Wani malami Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya fid da littafi a kansu a 1946. Ya tarar sun san akwai Allah Mahalicci, amma suna ganin ya yi nisa, sabo da haka iskoki su ke yi wa yanka, ko wace iska da irin dabbarta da launin da ta ke so. A cikin iskokin nan akwai mata, kamar su Uwar Gona da Uwar Dawa. Wadda ta fi su suna ita ce wadda a ke kira Doguwa, a ke kuma kiranta Inna.

To, ku lura da sunan nan. Inna fa ita ce uwa, ko 'yar'uwar uwa. Ita ce kalmar da yaro ke kira in ya faɗi, ko in yunwa ta kama shi. Masu bauta mata sun ɗauka tana tsare gona da dukiya, ta kan kama ɓarawo da ciwo. 'Yan bori kuma suna siffanta ta da Bafillatana mai son nono. Amma ita ɗin dai aka ɗora wa laifin ciwon nan da ke shanye ƙafar yaro ya bar shi yana rarrafe. Har yau sunan ciwon a bakinmu ke nan, shan inna, ko wurin wanda bai taɓa jin labarin Doguwa ba.

Yanzu mu ƙetare teku zuwa Indiya. Abin da ya ke ɗan kaɗan a nan, can ya zama babban kogi, da littattafai da ɗakunan bauta da bukukuwa. Mabiya addinin Hindu suna da abar bauta mace da su ke kira Devi, suna kuma ce mata Mata, watau uwa. Masanansu sun ce ita ce Shakti, ma'ana ƙarfin da ke motsa duniya, wai in ba ita ko abin bauta namiji ba ya iya motsi. Suna siffanta ta da kamanni iri iri. In tana ba da arziki, sunanta Lakshmi. In tana ciyad da mutane, sunanta Annapurna, riƙe da tukunya da ludayi, ɗakinta kuwa yana birnin Banaras. In tana ba da ilmi, sunanta Saraswati, ran bikinta 'yan makaranta irinku su kan ajiye littattafansu a gabanta. In kuwa ta fito yaƙi, sunanta Durga, bisa zaki, da hannuwa masu yawa ko wanne da makami, tana kashe wani mugun aljani mai kamar ɓauna. Ko wace shekara, wajen watan Satumba ko Oktoba, su kan yi dare tara suna bikinta. A birnin Kalkata a kan gina siffarta da yumɓu, a ƙawata, ran ƙarshe a kai ta kogi a sake ta cikin ruwa.

Akwai kuma wata da su ke kira Shitala, ma'anar sunanta mai sanyi. Tana bisa jaki, da tsintsiya da tulun ruwa. Ita ce uwar agana. Sun ɗauka ita ke aiko da ciwon, ita ce kuma ke sanyaya zafinsa. Kun ga ashe ta yi kama da Innarmu. Ga ƙasashe biyu da teku a tsakaninsu, harshe dabam, addini dabam, amma ko wacce ta ɗauki ciwon da ya fi ba ta tsoro ga 'ya'yanta, ta ba shi sunan uwa.

Me ya kawo haka? A ganinmu dalili biyu ne. Na farko, ɗan Adam bai san wani mai ciyad da shi ba kafin uwa. Tun bai san sunan kome ba ya san nono da goyo. Da ya girma ya zama manomi, ya ga ƙasa ta karɓi iri ta ɓoye shi watanni, sa'an nan ta fito da hatsi, ba shi da misalin da ya fi kusa da hankalinsa sai ciki da haihuwa. Na biyu, wanda ke iya ba ka shi ke iya hana ka. Ƙasar da ta cika rumbu bana, ita ce ta kan bushe baɗi. Ruwan da ya raya shuka, shi ya kan rushe ɗaki. Mutum in ya ga rayuwarsa na hannun abin da ba shi da iko a kansa, ya kan nemi ya lallashe shi da suna mai daɗi. In ka kira abin tsoro Inna, kamar kana roƙonsa ne ya tuna kai ɗa ne, ya yi maka hukuncin uwa, wadda ko ta buga ta kan jawo ta rarrasa. Wannan tunani ne na mutanen da ke binne 'ya'yansu ba su san abin da ke kashe su ba, bai kamata mai ilmi ya yi musu dariya ba.

To, mu koma ga tambayarmu. Shin matan da ke raye sun ci moriyar wannan ɗaukaka? Gaskiya ba za a ce ba su ci kome ba. A Gobir akwai sarautar Inna, wadda mace daga gidan sarauta ke riƙewa. Ita ce shugabar bori, tana da faɗa a ji a kan al'amuran mata, sarautar kuwa ta bi Gobirawa har Tsibiri kusa da Maraɗi. Matan Maguzawa kuma suna da gayaunarsu ban da gandu, abin da suka noma a ciki nasu ne. A Indiya ma mace, Indira Gandhi, ta zama Firayim Minista tun 1966.

Amma ku dubi ɗaya gefen. A cikin kwanakin bikin nan na dare tara, a wurare da yawa a kan tara 'yan mata ƙanana, a wanke musu ƙafa, a ba su abinci da kyauta, domin an ɗauke su kamar ita Devi ce ta zo gida. Duk da haka, a ƙasar nan ce sai da hukuma ta kafa doka a 1829 ta hana ƙona matar mamaci tare da gawar mijinta, al'adar da waɗansu ke yi. A 1961 aka haramta dukiyar da iyayen amarya ke biyan dangin ango, sabo da wahalar da a ke ba amaren da ba su kawo da yawa ba. A 1994 aka hana likitoci faɗa wa iyaye ko mace ce ko namiji ke cikin ciki, don waɗansu na zubad da cikin in mace ce. Ƙidayar 2011 ta nuna a cikin yara 'yan shekara shida zuwa ƙasa, 'yan mata 919 ne ga ko wane maza 1,000. Sai dai a yi adalci: 'yan ƙasar ne da kansu suka tashi yaƙi da waɗannan abubuwa. Ram Mohan Roy, wanda ya tsaya kai da fata a kan hana ƙona mata, Ba'indiye ne. Haka Savitribai Phule, wadda ita da mijinta suka buɗe makarantar 'yan mata a garin Puna a 1848.

Abin da muka fahimta ke nan: girmama mace a wurin bauta abu ne mai sauƙi, domin siffar yumɓu ba ta gajiya, ba ta neman gado, ba ta cewa a sa ta makaranta. Girmama macen da ke gida shi ne mai tsada, gama sai ka rage wani abu daga naka ka ba ta.

Kada wani ya karanta wannan ya ce, "Madalla, mu ai mun bar tsafi, maganar ba ta shafe mu ba." Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ko wannenku, Musulmi ko Kirista, an koya masa girman uwa tun yana ƙarami, mu kuwa gwanaye ne wajen yabonta da baki. Amma wa ke tashi tun asuba ta hura wuta, ta kuma zama ta ƙarshen cin abinci? In kuɗin makaranta bai isa biyu ba, wa a ke cirewa a ɗora wa tallan goro, kai ko ƙanwarka? In an zo rabon gona, sau nawa 'ya mace ke karɓar nata ba tare da an ja mata rai ba? Wanda ya yabi uwa a zaure ya bar ta tana daka da zazzaɓi a cikin gida, da shi da mai durƙusa wa yumɓu ya wulakanta amarya, hanyarsu ɗaya.

Magabatanmu sun nuna wata hanya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke karantad da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tara mata malamai, ko wacce ana kiranta jaji, suna kai karatu ƙauyuka. Alamar da ta ke ba su ita ce malfa, irin wadda Innar Gobir ke sawa. Watau ta ɗauki girman da aka saba ba mace ɗaya a kan bori, ta raba wa mata da yawa a kan ilmi.

Shi ma shan inna ga yadda ya ƙare. An gano ƙwayar cuta ce da ke fita ta bayan gida, ta shiga wani yaron ta ruwa ko abinci, ta lalata jijiyoyin da ke motsa gaɓa. An sami allurar riga-kafi a 1955, daga baya aka sami ta ɗigawa a baki. A Kano an dakatad da riga-kafin a 2003 sabo da zargi, aka koma a 2004. Da ya ke namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, mata ne suka riƙa bi ƙofa ƙofa cikin rana, uwaye kuma suka riƙa miƙo 'ya'yansu. A Fabrairu 2013 an harbe mata tara masu wannan aiki a birnin Kano. Indiya ta sami shaidar rabuwa da ciwon a 2014. A Agusta 2020 aka tabbatar ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka, ko da ya ke ba a daina riga-kafi ba. Agana kuwa tun 1980 aka sanar ta ƙare a duniya. Abin da yanka bai yi ba shekaru aru aru, ilmi ya yi shi, mata masu rai kuwa su suka kai shi gida gida.

Sabo da haka, samari, in an tashi hutu kun koma gida, ku gwada kanku da abu ƙanƙane. Ku karɓi tulu daga kan Inna. Ku zaunad da ƙanwarku ku koya mata abin da kuka koyo, in kuma an fara maganar cire ta daga makaranta, ku buɗe baki cikin ladabi ku roƙa mata. Ku kuma 'yan mata, ku riƙe karatunku da kyau, malfar nan ta jaji gādonku ce. Allah ya sāka wa uwayenmu da alheri, ya ba mu ikon kyautata musu tun suna da rai. Amin.